Daga Guwanzu zuwa Kiyoto: tafiyata a ƙasashen Sin, Koriya da Japan

Yayana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya daɗe yana zuwa ƙasar Sin saro atamfa da leshi. Bara ya ce zai gwada hannunsa a harkar kayan gyaran mota da ake kwasowa daga Koriya ta Kudu da Japan, kuma yana neman wanda zai riƙa yi masa Turanci da cike takardu. Ni tarihi nake koyarwa a makarantar sakandare, sai na kafa masa sharaɗi: duk ƙasar da ya gama cinikinsa, zai bi ni mu ga wuraren da na daɗe ina karanta wa yara labarinsu daga littafi. Ya ce, "Kai dai ba ka da aiki sai tsofaffin gine-gine. To, Allah ya kai mu."

Biza uku ce, kowace da takardar gayyatarta da bayanan banki da zaryar Abuja. Muka tashi daga Kano a farkon Oktoba, muka sauya jirgi a Addis Ababa, daga nan sama da awa goma muna sararin samaniya kafin Guwanzu.

Zafi da gumi ne suka tarbe mu. Jami'an shige da fice suka ɗauki hoton yatsunmu, a masauki kuma aka karɓi fasfo aka yi mana rajista da 'yan sanda, haka doka take ga kowane baƙo. Na buɗe waya, babu WhatsApp, babu Facebook, babu Google, duk an toshe. Kuɗin hannu ma sun kusa zama abin kallo, mai sayar da ayaba a bakin titi da waya ake biyansa. Yaya ya saba, ko a jikinsa. Unguwar Shiyawbe muka sauka, inda 'yan Afirka suka fi yawa. Kafin mu kai ƙofar masauki na ji Hausa da Zabarmanci da Ibo. Dilalin Yaya wani matashi ne ɗan Maraɗi da ya yi karatu a can, yana jin Sinanci. Shi ya fara nuna mini cewa ko Sinawan kansu ba baki ɗaya suke ba. Mai masaƙar da muka je yana yi masa magana da harshen hukuma, wato na Bejin, amma in ya juya ga matarsa sai ya koma harshen kudu, wanda mutumin Bejin ba ya ji. Abin da ya ɗaure su shi ne rubutu. Alama ɗaya ce a takarda, kowa ya karanta ta da bakin garinsu, ma'ana kuwa ɗaya.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin da ke jikin kabarin da mutanen garin ke cewa na Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne. Yaya duk zuwa sai ya ziyarta. Na ce masa littattafan tarihin Musulunci sun nuna a kusa da Madina Sa'ad ya rasu, a Baƙi'a aka binne shi. Ya ce, "Malam, ka bar wa Allah sani." Abin da babu musu a kansa shi ne fatake Larabawa da Farisawa sun zauna a wannan gari tun zamanin daular Tang, sama da shekara 1,000 da suka wuce, kuma tsohon masallacin Huaisheng na nan da doguwar hasumiyarsa mai siffar zagaye. Guwanzu ƙofar teku ce tun fil azal. Ta wannan ƙofa ne kuma wulaƙanci ya shigo musu. Turawan Ingila na sayen ganyen shayi da alharini da tangaran, ba su da abin da Sinawa ke so, sai suka riƙa shigo da ofiyom, ƙwayar maye da suke nomawa a Indiya. A 1839 wani jami'in sarki mai suna Lin Zexu ya ƙwace akwati fiye da 20,000 ya lalata su a Humen, can bakin kogi. Ingila ta turo jiragen yaƙi, a 1842 aka tilasta wa Sin ta ba da Hong Kong, ba ta dawo hannunta ba sai 1997.

Da Yaya ya gama lodin yadinsa muka kama jirgin ƙasa zuwa Shi'an, kusan yuwan 800 kowane mutum. Tashar ta fi filayen jirgin sama da yawa girma, kuma sai an bincika kaya da na'ura, an duba fasfo, kafin a shiga. Allon da ke saman ƙofa na nuna gudun kilomita 300 a awa, shayin da ke gabana ko motsi bai yi ba. Wannan tafiya ta awa bakwai da wani abu ta fi mini darasin taswira da yawa. Da farko gonakin shinkafa ne da tuddai kore shar. A Wuhan muka haye kogin Yangtze, mai tsawon kilomita 6,300, faɗinsa har ya sa Yaya salati. Muna ƙara yin arewa shinkafa ta ɓace, ƙasa ta baje, sai masara da aka girbe da filayen alkama. A Zhengzhou muka karkata yamma, ƙasa ta koma ruwan ɗorawa, gari-gari. Wannan ƙasar ce ruwa ke kwasa ya zuba a Rawayan Kogi, ta taru a gindinsa har ya ɗaga ya fi gonaki tudu, in ya ɓalle ya ci dubban rayuka. Kogi irin wannan ƙauye ɗaya ba ya iya masa, sai hukumar da za ta iya tara dubban ma'aikata su ɗaga masa ganuwa. Ina ganin a nan ne Sinawa suka koyi zama ƙarƙashin gwamnati ɗaya mai ƙarfi, kuma har yau ba su sake ba.

Masaukin farko da muka shiga a Shi'an suka ce ba sa sauke baƙi daga waje. Ga dare, ga sanyi, ga akwatuna. Wani mai tasi ya kai mu wani a bayan unguwar Musulmi, yuwan 250 ɗaki mai gado biyu.

Da safe muka shiga unguwar. Mutanenta 'yan ƙabilar Hui ne, Musulmi, Sinanci suke yi, maza da farar hula. Muka zauna a wani gidan abinci, aka ajiye wa kowa kwano babu komai a ciki sai gurasa biyu masu tauri. Muka zauna muna jiran miya, miya ba ta zo ba. Wani dattijo a teburin kusa ya yi dariya, ya matso da kujerarsa, ya ɗauki gurasar ya fara mutsuttsuka ta da farce, ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar wake. Ashe aikin mai ci ne. Yaya ya yayyaga tasa manya-manya ya miƙa, yaron gidan ya leƙa kwanon ya girgiza kai ya dawo masa da shi. Sai da muka shafe kusan rabin awa muna wannan aiki, dattijon na duba mana, sannan aka kwashe kwanukan aka kai wa mai dafawa, ya zuba romon rago mai zafi da yankan nama da siririyar taliya, aka kawo da tafarnuwa mai zaƙi da yaji a gefe. Yuwan 35. Ban ci abin da ya fi shi daɗi ba a duk tafiyar. Ba ma jin harshen juna da dattijon, amma da na ce masa "Nijeriya, Muslim", ya kama hannuna da hannu biyu ya karanto Fatiha, ya ja mu zuwa babban masallaci. Wanda bai sani ba zai ɗauka fadar sarki ce: soro bayan soro, lambu, rufi mai lanƙwasassun baki, babu ƙubba. An ce a shekarar 742 aka kafa shi. A cikin ɗakin salla an sassaƙa Alƙur'ani a jikin allunan katako da suka zagaye bango, alƙibla kuma yamma take kallo.

Washegari muka je ganin sojojin yumɓu, yuwan 120 kuɗin shiga. A 1974 wasu manoma na haƙa rijiya suka ci karo da su. Kimanin 8,000 ne, kowane tsayin mutum, sahu-sahu cikin ramuka, da dawakansu, kuma in ka ƙura ido za ka ga fuskokin sun sha bamban, wani da gashin baki, wani saurayi. Na Cin Shi Huwang ne, sarkin da ya murƙushe sauran masarautu ya haɗa ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Shi ya daidaita rubutu da kuɗi da mudu da ma'auni, har faɗin ƙafafun amalanke, shi ne kuma ya sa aka ƙona littattafan da ba su yi masa ba. Kabarinsa na can ƙarƙashin wani tudu, har yau ba a buɗe ba. Tsohon tarihinsu ya ce an yi masa koguna na zaiba a ciki, kuma da aka auna ƙasar wurin an samu zaiba fiye da ƙima. Yaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan bawan Allah ko a kabari bai yarda da kowa ba." Daular tasa ba ta yi ƙarko ba bayan mutuwarsa. Wadda ta gaje ta, daular Han, ta yi shekara kusan 400, kuma da sunanta ake kiran ƙabilar da ta kai kashi 91 cikin 100 na mutanen ƙasar, cikin ƙabilu 56 da hukuma ta lissafa.

Abin da ya sosa mini rai a Shi'an ganuwa ce. Tsawonta kusan kilomita 14, tsayinta mita 12, samanta da faɗin da har kekuna ake haya a zagaya. A ƙarni na 14 aka gina ta. Badalar Kano ta girme ta, tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, sama da shekara 200 kafin wannan. Gaskiya ne tasu an lulluɓe ta da bulo, tamu jar ƙasa ce da damina ke ci, amma ba damina ce ta yanka badala ta yi filoti ba, ba ita ce ta ɗebi ƙasarta ta yi tubali ba. A nan kowane baƙo sai ya biya kafin ya hau, da kuɗin ake gyara. Daga saman ganuwar na ga yadda titunan garin suka miƙe sambal, gabas da yamma, kudu da arewa, suna yanka juna. Haka aka tsara birnin tun yana Chang'an, hedikwatar daular Tang daga 618 zuwa 907, lokacin da mutanensa suka kai kimanin miliyan ɗaya, ɗalibai na zuwa daga Koriya da Japan neman ilimi.

A Bejin ba mu daɗe ba. Fadar sarakuna da aka kammala a 1420 sai an bi shingen bincike bayan shinge kafin a kai ƙofarta. Sarki na ƙarshe ya sauka a 1912 yana yaro ƙarami. Babbar Ganuwa kuwa hawanta ya kusa fitar da ran Yaya. Iyaka ce tsakanin manoma na kudu da makiyaya mahaya dawaki na arewa, kuma ba ta hana komai ba lokacin da cikin gida ya lalace: Mongol sun mulki ƙasar, Manchu ma sun shigo a 1644, wani janar ne ya buɗe musu ƙofa.

Awa biyu a jirgi muka sauka Incheon. A nan ragowar kilishin Yaya ya gamu da ajalinsa, domin ba a shiga Koriya da nama ko na ƙwayar zarra. Da hannunsa ya jefa shi a kwandon jami'an, yana jan tsaki. Filin tsofaffin motoci na kusa da tashar ruwa, ido ba ya ganin ƙarshensa, masu saye Larabawa da 'yan Gana da mutanen Asiya ta Tsakiya. Yaya ya gai da wani dattijo mai shago da gaisuwar Sinanci da ya iya. Fuskar mutumin ta canza. Ya dafa ƙirji ya ce da guntun Turancinsa nan Koriya ce, ba Sin ba. Da ƙyar aka shawo kansa da raha. A gida duk mai irin wannan fuska ɗan Cana muke ce masa, alhali ko harsunan ba dangin juna ba ne. Sinanci na da karin sauti, kalma ɗaya ta sauya ma'ana da hawa ko saukar murya. Koriyanci da Japananci gininsu daban ne, aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Aro suka yi daga Sin, na rubutu da kalmomi masu ɗimbin yawa, irin aron da kakanninmu suka yi wa Larabci har aka samu ajami.

Koriyawa daga baya sun yi nasu rubutun. A dandalin Gwanghwamun da ke tsakiyar Siyol akwai mutum-mutumin Sarki Sejong a zaune da littafi a hannu. Shi ya ga talaka ba zai iya haddace dubban alamomin Sinanci ba, ya ƙirƙiro haruffa 28 a 1443, aka yaɗa su a 1446. Yau 24 ake amfani da su. Malaman fada sun ƙi abin, don ilimin da kowa zai iya ba ya ba su girma. Da yamma ɗaya na zauna da wata 'yar takarda da na samu a masauki, kashegari ina haɗa sunayen tashoshin jirgin ƙasa da kaina. Gaban Sejong kuma ga wani a tsaye da takobi, Yi Sun-shin, kwamandan ruwa da ya hana Japan sakat lokacin da Hideyoshi, mai mulkin Japan a wancan zamani, ya kawo mamaya daga 1592 zuwa 1598. A wani artabu a 1597 da jirage 13 ya kori rundunar da ta ninka tasa sau da yawa.

Bayansu fadar Gyeongbok take, wadda aka gina a 1395, won 3,000 kuɗin shiga, kyauta ga wanda ya sa tufafin gargajiya. Wata 'yar jami'a da ke zagayawa da baƙi ta tsayar da mu a wani fili ta ce a nan Japanawa suka gina hedikwatar mulkin mallakarsu, daidai gaban fadar, don ta tare ta. Sun haɗiye Koriya a 1910, suka riƙe ta har 1945. A ƙarshe-ƙarshe sun fitar da Koriyanci daga makarantu, sun matsa wa mutane su ɗauki sunayen Japanawa, sun kwashi maza aikin tilas, mata kuma aka kai su barikokin soja. A 1995 Koriya ta fara rushe ginin. Yarinyar ba ta kai shekara 25 ba, amma muryarta rawa take yi.

Masaukinmu a ƙasa ake kwana, kan 'yar katifa, kuma daɓen ɗakin ne ke yin ɗumi, don ta ƙarƙashinsa ake bi da zafi. Dabara ce tasu tun ta kaka da kakanni. Abinci ne ya ba mu wuya, naman alade ko'ina. Muka dogara da kifi da shinkafa da kimchi, wato kabejin da aka tsima da barkono, wanda ba a ajiye faranti babu shi. Yaya ya ce ɗanɗanonsa na abin da ya kwana ne, ni kuwa ya kama ni. In mun gaji sai mu hau tudun Itaewon, inda babban masallacin da aka buɗe a 1976 yake, mu ci na Turkawa. Sojojin Turkiyya da suka zo yaƙin Koriya ne suka dasa Musulunci a ƙasar a wannan zamani.

Yaƙin nan shi ya kai mu iyakar Koriya ta Kudu da ta Arewa, tafiyar da ba ta wuce kilomita 50 daga Siyol ba. A wata gada soja ya shigo motar, yaro ne matashi, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana haɗa fuska da fasfo, ya ƙirga mu; da za mu fito ma sai da lissafi ya cika. A 1945 Amurka da Tarayyar Sobiyet suka ja layi suka raba al'ummar da ta yi sama da shekara 1,000 a dunƙule. A 1950 Arewa ta kutsa Kudu, Amurka da ƙawayenta suka shigo, har Habasha ta turo bataliya, Sin ma ta turo dubban ɗaruruwan sojoji ta ɓangaren Arewa, ɗan Mao, shugaban Sin na lokacin, a can ya mutu. Ranar 27 ga Yulin 1953 aka tsagaita wuta, ba a yi sulhu ba har gobe. Tsakaninsu zirin ƙasa ne mai faɗin kilomita 4, tsawon kusan 250, waya mai ƙaya da nakiyoyi. Aka ba mu hular kwano muka gangara ramin da Arewa ta haƙo ta ƙarƙashin iyaka, wanda aka gano a 1978. Ni da nake dogo hular ta sha dukan dutse. Daga kan tudu muka leƙa da madubin hangen nesa, ga gonaki, ga wani mutum kan keke, ga tuta a kan dogon ƙarfe. Wata mata a motarmu ta ce mahaifinta daga can ya gudo yana saurayi, ya bar uwarsa da ƙannensa, ya mutu bai sake jin ko suna raye ba. Ƙasar da ta faɗo tsakanin manya haka take: kashi 70 cikin 100 duwatsu, ruwa ta gefe uku, Sin a bayanta, Japan a gabanta, duk wanda zai kai wa ɗaya hari ta kanta yake bi.

Jirgin ƙasa ya kai mu Busan cikin ƙasa da awa uku, kusan won 60,000. Daga nan na nace sai mun shiga Japan ta ruwa. Jirgin na tashi da dare ya isa Shimonoseki da safe. Ɗakin masu ƙaramin tikiti fili ne kawai, kowa ya cire takalmi ya shimfiɗa katifarsa. Abokan kwananmu tsofaffin mata ne Koriyawa 'yan kasuwa, da ƙullin ganyen teku da kwalayen taliya, sun san kowane ma'aikacin jirgin. Da muka fita tsakiyar ruwa jirgin ya fara tangaɗi, Yaya ya kwanta ya rufe ido yana ambaton Allah. Ɗaya daga cikin matan ta ɓare lemo ta tura masa ɓawon a hanci, ta yi masa alama ya shaƙa. Da ya farfaɗo ya ce mini, "Kai, in mun koma gida za mu yi maganar nan."

Mashigin bai wuce kilomita 200 ba, amma shi ya raba ƙaddarar ƙasashen biyu. Ta nan noman shinkafa ya haye zuwa Japan, ta nan rubutu ya bi, ta nan addinin Buda ya shiga a ƙarni na 6 daga masarautar Baekje ta Koriya. Kusa ne ga malami da ɗan kasuwa, nesa ne ga runduna. Mongol da suka tattake Koriya sun gwada hayewa a 1274 da 1281, a jiragen da suka tilasta wa Koriyawa sassaƙawa, guguwa ta farfasa na biyun. Don haka Japan ta samu abin da Koriya ba ta samu ba, wato ta ɗauki abin da take so daga Sin ta bar wanda ba ta so.

A Shimonoseki aka sake ɗaukar yatsu da hoto. Jami'in kwastan ya zazzage jakata kaf, ya ninke komai ya mayar yadda yake, ya sunkuya ya ba ni haƙuri. A wannan gari ne a 1895 Sin ta sa hannu ta ba Japan tsibirin Taiwan bayan ta sha kashi. Jirgin ƙasa zuwa Hiroshima rabin tafiyar cikin duwatsu ake yi, a fito a ga gari matse tsakanin tsauni da teku, a sake nutsewa. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar tsaunuka ne, mutum sama da miliyan 120 na cunkushe a ragowar. Ɗakin da muka kama a yen 9,000 in ka buɗe akwati babu wurin salla sai an ɗora shi kan gado. A daren ne na ji gado na rawa, labule na kaɗawa. Muka fito da gudu babu takalmi. Mai karɓar baƙi ya ɗago kai ya yi murmushi ya ce girgizar ƙasa ce ƙarama, mu koma mu kwanta.

Gidan tarihin bam ɗin nukiliya yen 200 ne kacal. Ranar 6 ga Agustan 1945, ƙarfe 8:15 na safe, Amurka ta jefa shi. Kafin ƙarshen shekarar kimanin mutum 140,000 sun mutu. Akwai keken wani yaro ɗan shekara uku da ya ƙone, akwai kwanon abincin ɗan makaranta da shinkafar ciki ta zama gawayi. Babu mai magana a ɗakin. A wani gefe na lambun na tarar da dogon dutse a kan bayan kunkuru na dutse, na tunawa da Koriyawa ne da suka mutu a ranar, dubbai, da yawansu an kawo su aikin tilas. Shekara da shekaru a wajen lambun yake, sai 1999 aka shigo da shi. A Sin abin da ake nuna wa yara kisan Nanjing ne na 1937, a Siyol kurkukun 'yan mulkin mallaka, a nan kuma bam. Kowa da gaskiyarsa, amma kowa tabon jikinsa ya fi gani.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. Sama da shekara 200 sarakunan yaƙi na gidan Tokugawa sun rufe ƙasar, Turawa babu mai shiga sai 'yan Holan, su ma a wani ɗan tsibiri a Nagasaki. A 1853 jiragen yaƙin Amurka suka tsaya a bakin ruwansu. Japanawa sun riga sun ji abin da ya sami Sin a yaƙin ofiyom, ba su jira nasu ba. Daga 1868 suka tura yaransu Turai da Amurka, suka kwafo masana'antu da soja da makarantu, a 1905 suka doke Rasha. Sai dai sun kwafo har da mulkin mallaka, maƙwabta suka fara gwada shi a kansu.

A Kiyoto ban buƙaci taswira sosai ba, titunan sun miƙe suna yanka juna yadda na gani daga saman ganuwar Shi'an, don a kan tsarin Chang'an aka zana birnin a 794. Allunan tituna kuwa rubutu uku ne a cakuɗe, alamomin Sinanci da wasu haruffa iri biyu da Japanawa suka tatso daga cikinsu. Baƙi na tururuwa zuwa wuraren bauta masu rufin zinariya, ni kuma na ja Yaya cikin wata unguwa shiru, gefen filin wasan yara. Wani ɗan tudu ne mai ciyawa, da dutse a samansa, an kewaye shi. Mimizuka ake kiransa. A ƙarƙashinsa hancin mutum kimanin 38,000 ne, Koriyawa da Sinawa, waɗanda sojojin Hideyoshi suka yanko suka zuba a gishiri suka aiko gida a matsayin shaidar aiki. Taku kaɗan daga nan ga wurin bautar da aka gina don girmama Hideyoshin. Mun tarar da furanni sabbi a gindin tudun da wata 'yar takarda da rubutun Sejong.

Cinikin Yaya a bayan garin Osaka aka yi shi, a wani fili na wani Bafakistane da ya auri 'yar ƙasar. Motocin Japan sitiyarinsu a dama yake, ba su da amfani a titinmu, don haka yanka su ake yi a ɗauki inji da giya da gaban mota. Ma'aikacin da ya zagaya da mu ya haura shekara 70, yana kuma ɗaga ƙarfe. Kusan mutum uku cikin goma a ƙasar sun wuce 65. Kowane inji da takardarsa, an rubuta tafiyar da ya yi da duk aibinsa, har ɗigon mai. Yaya ya fara tayi yadda ya saba a Guwanzu, inda ake miƙa wa juna kalkuleta har a gaji. Tsohon ya saurara da ladabi, ya sunkuya, ya sake nuna masa farashin da ke takardar. Haka aka saya.

Juma'ar ƙarshe a masallacin Kobe muka yi ta, wanda aka gina a 1935, ya tsallake ruwan bama-baman yaƙi da girgizar ƙasar 1995 da ta rusa unguwanni a garin. A shagon wani Ba'indiye da ke kusa muka samu naman halal, muka ci muka ƙoshi a karon farko tun Siyol. Daga filin jirgin Kansai, wanda aka gina a kan tsibirin da aka cike teku aka yi, muka taso ta Doha. Mun sauka Kano hunturu ya fara, injinan kuma sai bayan wata biyu suka iso Legas, biyu daga ciki an kwance musu kayan wuta a hanya.